Neman shawara: saitin gita da amfilifaya don kiɗan metal mai nauyi

Tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina kaɗa gitar lantarki a ƙaramar ƙungiyarmu, kuma ni ke riƙe kiɗan rakiya. Na sassauta tsirkiya mafi kauri zuwa sautin D, a jikin amfilifaya kuma na kai maɓallin Gain (mai ƙara wa sauti kaushi) ƙarshe, Bass (na ƙasan sauti) a kan 8, Middle (na tsakiyar sauti) a kan 2. Idan ni kaɗai ne a ɗaki sautin yana da daɗi, amma da zarar mai ganguna da mai gitar bes sun shigo, sai gitata ta ɓace, abin da ya rage sai gurnani. Ina ne matsalar take?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Middle ɗin da ka rage shi ne muryar gitarka. Mai bes ya riga ya mamaye ƙasan sauti, faifan ƙarfen mai ganguna sun mamaye sama, saboda haka tsakiya ce kaɗai wurin da ya rage maka, ita kuma ka rufe ta. Mayar da shi 5 ko 6, ka sauko da Bass zuwa 4 ko 5, sannan ka rage Gain sannu a hankali har sai ka ji kowane bugu yana fita daban. Da farko za ka ji kamar nauyin ya ragu. Kada ka yanke hukunci sai kun haɗu kuna kiɗa da ƙarar da kuka saba, domin kunne ba ya jin ƙasan sauti sosai idan ƙara ta yi ƙasa, shi ya sa saitin ɗaki yake yaudara.

Amsa ta biyu:
Na yarda da bayanin Malam, sai dai ina ganin rage Bass a jikin amfilifaya ba zai wadatar ba. Masu amfani da amfilifaya irin su Peavey 5150 ko Mesa Boogie Dual Rectifier sun daɗe suna sanya fedar Ibanez Tube Screamer (ƙaramar na'urar sauya sauti da ake takawa da ƙafa) tsakanin gita da amfilifaya, maɓallinta na Drive (kaushi) a sifili, Level (ƙara) a sama, Tone (kaifin sauti) a tsakiya. Amfaninta shi ne tana datse ƙasan sauti tun kafin ya shiga sashen da ke ƙara masa kaushi, sai bugun ya fito a ɗaure. Idan ƙugi yana damunka lokacin da ka tsaya, nemi fedar da ke yanke hayaniya, amma kada ka matse ta har ta cinye wutsiyar sautin.

Amsa ta uku:
Kafin ka kashe kuɗi, duba hannunka na dama. Zaɓi fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiyoyi) ɗin da ke kusa da gadar gita, wato inda tsirkiyoyi suke kafe a jikinta, ka ɗora gefen tafin hannunka daidai inda tsirkiyoyi suka bar gadar. Idan ka matsa gaba kaɗan wajen wuyan gita sautin zai mutu, idan ka ja baya zai saki. Tunda ka sauko zuwa D, tsirkiya mai lambar kauri 52 za ta fi siririya mai lamba 46 tsayuwa a ƙarƙashin bugu mai ƙarfi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da Middle da Gain a atisayenmu na gaba, sannan in sauya tsirkiyoyin.