Jajayen tsutsotsi a lakar Aboabo: na sauro ne ko na me?

Mai Tarwaɗa, Asawase:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kiwon 'ya'yan tarwaɗa a tankuna bayan gida, abincinsu kuwa ya yi tsada. Wani ya ce in ɗebi laka a rafin Aboabo da ke nan Kumasi in tace, akwai tsutsar da kifi ke so. Na tace da rariya, sai ga su jajaye wur, sirara, ba su kai gaɓar yatsa ba, suna ta murɗe jiki. 'Ya'yan sauro ne? Kuma zan iya zuba wa kifina?

Ɗalibar Tech:
Wa alaikumus salam, Baba. Ba na sauro ba ne. Tsutsar sauro a saman ruwa take rataye tana shaƙar iska, ba ta shiga laka. Ku sa guda a farin faranti da ɗan ruwa, ku duba da madubin ƙara girma. In akwai ɗan kai mai tauri da 'yan guntayen ƙafafu gaba da baya, to ta ƙwarin Chironomidae ce. In sun girma suna kama da sauro sak, amma ba sa cizo. In kuwa babu kai babu ƙafa, dangin tana ce, ba ƙwaro ba.

Jan nan na haimogilobin ne, irin wanda ke jininmu. Shi ke ba ta damar rayuwa a lakar da iska ta yi ƙaranci, inda sauran suka mutu. Abin da ya dame ni ke nan, Baba: ba ku ambaci wata halitta ba sai ita. Mu ɗaliban jami'ar Tech, in muka ɗaga dutse a ruwa mai lafiya, mukan ga 'ya'yan ƙwarin Ephemeroptera masu jela uku da ganyayyakin numfashi a gefen ciki, da masu jela biyu, da 'ya'yan mazari masu leɓen ƙasa da ke miƙewa ya cafke abinci. Wadda na fi so ita ce tsutsar ƙwarin Trichoptera: tana haɗa ƙwayoyin yashi da zaren bakinta ta gina ɗan bututu, kamar an yi masa yaɓe, ta riƙa jan sa duk inda za ta. In duk waɗannan babu, sai ja zalla, ruwan ya sha ƙazanta.

Dattijo, Sabon Zango:
'Yata, Allah ya yi albarka. Ki ƙara da tsutsar baƙin ƙuda, duk da ba ta zama cikin laka. Tana manne wa duwatsu da ganyaye ne a inda ruwa ke gudu da ƙarfi, ƙudan kuma shi ke kawo makantar kogi. Ni a arewacin Gana na taso, na ga garuruwan bakin kogin Bolta da yara ke jan iyayensu da sanda. A 1974 aka fara shirin yaƙi da ita, jirage masu saukar ungulu suna zuba magani a koguna don kashe tsutsar, har 2002. Masu aikin sai da suka iya bambance wannan tsutsa da waccan kafin su san inda za su zuba. Yanzu kuma galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya mayar da kogin Offin ruwan kunu, laka ta toshe ramukan da ƙwarin ke ɓuya.

Mai Tarwaɗa, Asawase:
Na duba, akwai kan, baƙi-baƙi. Na kuma ga wata fara mai doguwar jela siririya. To batun kifin fa?

Ɗalibar Tech:
Farar nan tsutsar wani ƙuda ce, jelar kuma bututun numfashi ne da take miƙawa saman ruwa. A ruwan kwata ake samunta. Kifi na son jajayen ƙwarai, amma kada ku ba su na Aboabo, Baba, don duk abin da ke cikin lakar zai bi su zuwa tankinku. Ku ajiye baho a inuwa, ku zuba ruwa mai tsabta da busassun ganye da ɗan dusa; ƙwarin kan zo su yi ƙwai da kansu. Ku riƙa kwashe tsutsar sauro da ta taso sama kuna ba kifin, kada ta yi fiffike. Farar kuma ku sa ta a kwalba da sifirit, ina so in gani.