Alƙalan aro sun cinye mana wasa a Seattle

Hirar masu kallon ƙwallon Amurka bayan wasan daren Litinin 24 ga Satumba 2012.

Ɗan Milwaukee: Jama'a, daren jiya ban runtsa ba. Saura daƙiƙa 8 a tashi, Green Bay Packers muna gaba da maki 12 da 7, Russell Wilson na Seattle ya cilla ƙwallo sama. M.D. Jennings namu ya cafe ta ya rungume a ƙirji, sai Golden Tate na Seattle ya kai hannu. Alƙalai biyu suna tsaye a kansu, ɗaya ya ɗaga hannuwa sama wai an ci, ɗaya yana kaɗa hannu a tsayar da agogo. Aka tashi 14 da 12. Wannan fashi ne da tsakar fili! Kuma duk laifin alƙalan asali na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ne da suka tafi yajin aiki saboda kuɗi, suka bar mu da 'yan koyo.

Mai Ƙwadago: Malam, gyara maganarka. Wa ya ce maka yajin aiki suka yi? Hukumar NFL ce ta rufe musu ƙofa tun watan Yuni, bayan yarjejeniyarsu ta ƙare. Wanda ya ajiye aiki daban, wanda aka hana shiga wurin aiki daban.

Ɗan Milwaukee: Suna fili jiya? Ba sa fili. To ko me ka kira shi, yajin aiki ne a wurina.

Mai Ƙwadago: A wurinka! Kenan in maigidanka ya garƙame shago ya tafi da makulli, kai ne ka yi yaji? Shugaban NFL Roger Goodell da masu ƙungiyoyi 32 ne ke riƙe da makullin. Abin da ya fi tsaya wa alƙalan a rai fansho ne, ana so a soke musu mai tabbas a mayar da su tsarin tara-da-kanka.

Baban Biyu: Ni dai a sanina, duk wanda ya ƙi sa hannu a kan abin da aka ba shi, ya yi yaji.

Uwar Gida: Haba Baban Biyu, yaji na mata ne da ake biko. Waɗannan ko bikonsu ba a je ba, sai aka kwaso wasu daga ƙananan kwalejoji aka saka musu riga mai zane.

Baban Biyu: Hajiya, mutumin da ke karɓar kusan dala 149,000 a shekara a aikin ƙarshen mako, ga wani aikin yana yi a gefe? Ed Hochuli, ɗaya daga cikin alƙalan, lauya ne fa. Wane biko kuma?

Mai Ƙwadago: Gasar da ke samun kusan dala biliyan 9 a shekara ba ka ga kuɗinta ba, sai na alƙalai 121?

Na Seattle: Ku yi ta faɗa a kan yaji. Mu mun ci. Doka ta ce in mutum biyu suka kama tare, ƙwallo ta masu kai hari ce. An duba a faifai an bar hukuncin yadda yake.

Ɗan Milwaukee: Tare? Kai ɗan'uwa ka ji tsoron Allah. Tate sai da ya hankaɗe Sam Shields namu da hannu biyu kafin ya yi tsalle. NFL da kanta ta fito ta ce wannan laifi ne, da an busa shi wasa ya ƙare.

Na Seattle: Sau 8 muka kayar da Aaron Rodgers, mai cilla wa Packers ƙwallo, kafin hutun rabin lokaci, wannan ma alƙali ne ya yi?

Sabon Shiga: Afuwan, wai wannan wasan da ake runguma da hannu ne kuke kira ƙwallon ƙafa?

Na Seattle: In ba ka kallo, ka yi shiru ka koya.

Sabon Shiga: Ni tambaya na yi, ba sai ka yi min tsawa ba. Ai ko a namu an hana Lampard ƙwallon da ta wuce layi a 2010, kuma ba alƙalin aro ba ne.

Uwar Gida: Ka ga yaron nan ya fi ku gaskiya. Na asalin ma suna kuskure.

Mai Ƙwadago: Suna yi, Hajiya, amma ba a taɓa raina su haka ba. Ranar Lahadi har Bill Belichick, kocin New England Patriots, ya bi wani alƙalin aro ya damƙo masa hannu bayan wasa.

Baban Biyu: Ni har yanzu ba wanda ya gamsar da ni cewa ba yaji ba ne.

Mai Ƙwadago: To bayan 'yan kwanakin nan, bari in tattara mana, tunda magana ta ƙare. Kwana biyu bayan abin kunyar Seattle, daren Laraba 26 ga Satumba 2012, NFL ta sauko aka yi yarjejeniyar shekara 8. Albashi zai kai dala 173,000 a 2013, fanshon tsofaffin alƙalai zai ci gaba har 2016. Ranar Alhamis da suka shigo fili a Baltimore, 'yan kallo suka miƙe tsaye suna yi musu tafi. Kusan kowa a nan ya yarda ƙofa aka rufe musu, ban da Baban Biyu, shi kuwa dama bai kawo hujja ko ɗaya ba. Na Seattle son kai ne ya rufe masa ido.

Baban Biyu: Yaushe aka ƙirga da har ka ce kusan kowa?

Ɗan Milwaukee: Ni wasana nake magana tun farko, kun bar ni kun koma kan yaji. An rubuta mana rashin nasara a teburi, kuma ba wanda zai goge shi.