Shin manhajar adana bayanan ɗalibai za ta hana sakamako ɓacewa?

Jami'in jarrabawa: Assalamu alaikum. Tun da hukumar jami'armu ta amince da sayen manhajar adana bayanan ɗalibai nake jin ana cewa sakamakon jarrabawa ya daina ɓacewa ke nan. Ni ban gamsu ba. Makin da malami bai miƙa ba, da takardar amsa da ta salwanta tsakanin ɗakin jarrabawa da ofishin sashe, babu kwamfutar da za ta ƙirƙiro su, kuma a nan ne mafi yawan koken ɗalibai yake farowa.

Ma'aikaciyar ofishin rajista: Wa alaikumus salam, Dakta. Gaskiya ce ka faɗa, amma ina roƙon ka leƙo ɗakin ajiyarmu. Idan tsohon ɗalibi ya nemi cikakken sakamakonsa domin ƙaro karatu, sai mun hau kujera mun sauko da fayiloli ɗaure da igiya, wasu gara ta ci gefensu, wasu ruwan damina ya wanke tawadarsu, sannan mu bi maki ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Manhajar kuwa tana rubuta sunan wanda ya shigar da maki, da ranar da ya shigar, da wanda ya sauya shi daga baya. Malamin da ya yi jinkiri zai bayyana tun kafin a kai sakamako gaban majalisar jami'a.

Kuma zaɓin ya riga ya fita daga hannunmu. Tun 2017 hukumar jarrabawar shiga jami'a ta JAMB take gudanar da ɗaukar ɗalibai ta tsarinta na intanet mai suna CAPS, hukumar yi wa ƙasa hidima ta NYSC ba ta kiran wanda sunansa ba ya cikin jerin JAMB, sannan asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana dogara ne da bayanan da makarantu suka ɗora masa.

Injiniyan kwamfuta: Hajiya, ina tare da ke a kan buƙatar, damuwata ita ce yarjejeniyar. A wace na'ura bayanan za su zauna, kuma idan jami'a ta saɓa da kamfanin, shin za ta iya kwashe su cikin sigar da wata manhaja za ta karanta? Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora nauyin tsaron su a kan jami'ar da ta tattara su, ko da ɗan kwangila ne yake riƙe da su. Rikicin IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan gwamnatin tarayya ta kwamfuta, ma ya isa darasi, domin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta daɗe tana kukan cewa an tsara shi ba tare da la'akari da yadda jami'a take aiki ba, har gwamnati ta sanar da cire jami'o'i daga cikinsa a ƙarshen 2023.

Jami'in jarrabawa: Hajiya, na karɓi batun bayyana mai jinkiri, sai dai bayyanawa ba hukunci ba ce, musamman idan mai jinkirin farfesa ne, shugaban sashe kuma tsohon ɗalibinsa. Zan goyi baya idan an rubuta wa'adin miƙa maki da hukuncin saɓa shi a ƙa'idar jami'a, kuma aka ci gaba da ajiye kwafin takarda mai sa hannun malami. Waɗancan fayilolin da kika ambata kuma, wa zai shigar da su, wa zai duba bayansa?

Ma'aikaciyar ofishin rajista: Mu ne za mu shigar, Dakta, amma dubawar taku ce, domin ku kuka san makin. A turo mana mutum ɗaya daga kowane sashe, mu fara da waɗanda suke shekarar ƙarshe.