Kyanwa ta tsufa, ƙoda ta gaza: abin da aka faɗa wa Hajiya a Aboabo

Bayan la'asar aka zauna a tsakar gidan wata Hajiya a Aboabo, nan Kumasi, kan tsohuwar kyanwarta mai ciwon ƙoda: ta ci gaba da jinyarta ne, ko a kashe ta don ta huta? Ta rame, tana yawan shan ruwa da amai, abinci kuwa sai da lallashi.

Da farko an ce kada ta yanke hukunci da ido kawai, ta kai ta likitan dabbobi a auna jini. KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha da ke Kumasi, na da makarantar koyon aikin, ba sai an je Accra ba. Ciwon ƙoda na tsufa ba ya warkewa, sai dai a sassauta shi da ƙarin ruwa da abinci na musamman, kuma kuɗi yake ci.

Wata ta ce: "Hajiya, ki riƙa rubuta ranakun da ta ci ta yi wasa, da ranakun da ta wuni kwance. In na kwanciyar suka rinjaya, kin samu amsa." Ni dai wannan ta fi kwanta mini a rai.

Batun zunubi ne ya ja dogon musu. Wani malami ya ce malaman Malikiyya sun halatta a hutar da dabbar da aka fid da rai da ita, amma ba don an gaji da jinya ba.

In za a hutar da ita, likita kan fara da allurar barci, sannan ya sa wani magani mai suna pentobarbital a jijiya, cikin mintuna kaɗan zuciya ta tsaya. Ban da maganin ɓera, azaba ce. A binne gawar da zurfi, don maganin na iya kashe kare ko ungulun da ya ci ta.