Satifiket ɗina na HHA ya mutu: in koma makaranta ko in shiga CDPAP in kula da Gwaggo?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san abin ya yi magana. Na yi kwas ɗin HHA, wato na masu kula da marasa lafiya a gida, a nan Bronx a 2019, na yi aiki da shi, sai haihuwa ta zo, daga nan na tafi gida na daɗe. Da na dawo na je wani kamfani neman aiki, matar da ke tebur ta duba rajistar ma'aikatar lafiya ta jihar New York ta ce satifiket ɗina ya mutu, tunda na wuce wata 24 ban yi aiki da shi ba. Ga gwaggona, ƙanwar babanmu, ciwon suga ya taɓa mata ƙafa, 'ya'yanta duk suna Ohio, ni ce kusa. Tana da Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, amma ba ta taɓa neman mai kula da ita a gida ba. Wata makaranta ta ce in kawo dala 650 in sake kwas ɗin daga farko. Wasu kuma sun ce in manta da satifiket, in shiga CDPAP, shirin Medicaid da mara lafiya ke zaɓar mai kula da shi da kansa, a riƙa biyana ina kula da ita. Wanne ya fi? Kuma da gaske ne an canza sharuɗɗan shiga?

Ɗan Zongo:
Wa'alaikumussalam. Ki yi CNA, kwas ɗin mataimakan nas, kawai 'yar'uwa, ki shiga gidan kula da tsofaffi. Aikin gida-gida ba shi da gaba.

Maman Ilham:
Na gode Yaya, amma Gwaggo tana gida ne, ba a gidan tsofaffi take ba.

Uwar Biyu:
Dala 650? Sun gan ki ne. Ni 400 na biya a Harlem, har da littafi da rigar aiki.

'Yar Damagaram:
Ni ko sisi ban biya ba. Kamfanin da ya ɗauke ni shi ya koyar da mu, sati uku muna zuwa aji. Sai dai fa bayan kin gama, duk inda suka tura ki sai ki je. Ni can ƙarshen Queens suka fara jefa ni, jirgi biyu da bas.

Uwar Biyu:
Kyauta a Amurka? Sun cire a albashinki ba ki sani ba.

Anti Nas:
Uwar Biyu, ba su cire ba. Hanya biyu ce. Kwas ɗin da kamfanonin aiki ke yi da izinin ma'aikatar lafiya, ba a yarda su karɓi kuɗin makaranta ba, iyakarsu ɗan kuɗin littafi da kayan aiki. Makarantun da ke ƙarƙashin ma'aikatar ilimi su ne ke yanka farashi yadda suka so. Shi ya sa kuke jin kuɗi kala-kala.

Maman Ilham, kada ki ba kowa kuɗi tukuna. Wadda ta taɓa yin cikakken kwas, awa 75 ɗin nan, satifiket ya kwanta saboda wata 24, ba dole ne ta koma aji daga farko ba. Akwai gwajin ƙwarewa da ake yi: a rubuce, sannan nas ta tsaya tana kallon yadda kike ɗaga mara lafiya daga gado zuwa keke, yadda kike wanke hannu, auna bugun jini da sauransu. Ba kowane wuri ke yinsa ba, domin ba ya kawo musu kuɗi. Ki ɗauki tsohon satifiket ɗinki ki tambaye su gwajin kai tsaye.

Hajiya Mai Haƙuri:
Ku bar maganar kuɗin makaranta, ƙaramin abu ne. Ɗiyata, in kin raya satifiket ɗin nan, abu ɗaya nake roƙonki: kada ki karɓi aikin kwana. Ni na yi shi har ya cinye mini baya.

Wata tsohuwa suka ba ni, Baturiya, mai ciwon mantuwa. Ina shiga gidan ranar Litinin, ban fita sai Alhamis. Awa 24 kike ciki amma awa 13 ake biya. Lokacin dala 15 ce awa, wato 195 a kwana. Suka ce sauran awa 11 ɗin, takwas na barci ne, uku na cin abinci. Wane barci? Matar nan ƙarfe ɗaya na dare za ta tashi ta saka takalmi da jaka, wai za ta je ɗauko yaranta daga makaranta, yaran da su ma sun yi jikoki. In lallaɓa ta ta kwanta, ƙarfe uku ta jiƙa gado. In canza zanen, in goge mata jiki, in shafa mai kada fata ta tsage. Kafin in rufe ido an kusa asuba. A kujerar falo nake kwana, na jawo ta na tare ƙofar fita da ita, domin ta taɓa buɗewa ta sauka har bene na biyu da rigar barci. Sallah ma a gurguje nake yi, kunnena yana ɗakinta.

Na faɗa wa mai tsara mana aiki a ofis. Ta ce in rubuta a takarda. Na rubuta. Sati na gaba ta kira ni ta ce in na ci gaba da rubuta cewa ban yi barci ba, inshora za ta ce a kai matar gidan tsofaffi, ni kuma in rasa aikin. Na yi shiru, ga haya, ga kuɗin makarantar yara a gida. Ranar da bayana ya riƙe ina ɗaga ta daga bahon wanka, ko sannu ba su ce ba. Washegari wata ce a wurin.

'Yar Damagaram:
Innalillahi. Sannu Hajiya. Allah ya saka miki.

Baban Sadiƙ:
Hajiya, an ci haƙƙinki ne, kuma doka tana bayanki. A watan Maris 2019 babbar kotun jihar ta amince da biyan awa 13, amma da sharaɗi: sai an ba ma'aikaciya awa takwas na barci, biyar daga ciki a jere ba tare da an tashe ta ba, da awa uku na abinci. In ba ta samu ba, sai a biya ta waɗannan awannin.

Hajiya Mai Haƙuri:
Malam, na san wannan karatun. Wa zai shaide ni ƙarfe uku na dare? Tsohuwar da ba ta san sunan ɗanta ba?

Uwar Biyu:
Wallahi haka ne. Ni ma na yi na kwana wata biyu na gudu. Yanzu awa ta haura dala 19 a cikin birni amma lissafin 13 ɗin yana nan daram.

Maman Ilham:
Allah ya ƙara lafiya Hajiya, jikina ya yi sanyi. Amma don Allah maganar CDPAP fa?

Mai Tasi:
Shiga kawai. Ni ma matata zan saka ta kula da ni, ciwon baya nake fama da shi, kuɗi ya tsaya a gida.

Anti Nas:
Mai Tasi, mata ko miji ba sa cikin waɗanda ake biya, tun can haka dokar take.

Mai Tasi:
To shi ke nan, sai in nemo wadda ban aura ba tukuna.

Uwar Biyu:
Zan tura wa Maman Abba wannan maganar yanzun nan.

Mai Tasi:
Ki rufa mini asiri Anti, yaro ne ya ɗauki wayar.

Anti Nas:
Mu koma kan tambaya. E, an canza abubuwa biyu. Na farko, da kamfanoni ɗaruruwa ne ke biyan ma'aikatan CDPAP, daga 1 ga Afrilu 2025 jihar ta mayar da shi hannun kamfani ɗaya, PPL, can za ki yi rajista. Na biyu shi ne ya fi shafar Gwaggo, tunda sabuwar shiga ce. Daga Satumba 2025, mai neman wannan taimako sai an tabbatar yana buƙatar a kama masa a ayyukan yau da kullum fiye da biyu, irin wanka, saka kaya, tafiya, shiga bayi, tashi daga gado, cin abinci. Mai ciwon mantuwa an sassauta masa. Shara da girki da cefane kaɗai ba sa isa yanzu. Kuma nas ce daga waje za ta zo ta duba ta, ba likitanta ba.

Ki zauna da Gwaggo kafin ranar. Tsofaffinmu suna kayar da kansu da kunya. Nas za ta tambaya, kina iya wanka da kanki? Sai ta gyara mayafi ta ce lafiya lau, alhamdulillahi. Alhali sai an zaunar da ita a kujera an zuba mata ruwa. Abin da ta faɗa shi za a rubuta. Ban ce ta yi ƙarya ba, ta faɗi yadda ranarta mafi wuya take, kuma ku nemi tafinta in Turancin bai zauna mata ba.

Baban Sadiƙ:
Abin da ke ɗaure mini kai a tsarin nan: mai HHA da ta yi awa 75, ake ƙara mata awa 12 na horo duk shekara, galibi ba a yarda ta yi wa mara lafiya allurar insulin ba. Amma ƙanwar mutum da ba ta taɓa shiga aji ba, in tana CDPAP, za ta yi. Awa 75 ɗin ma daga dokar tarayya ta 1987 ta samo asali, har yau ba a taɓa ta ba, alhali marasa lafiyar da ake sallamowa gida yanzu da can a asibiti ake riƙe irinsu. A 2016 jihar ta yi dokar babbar HHA da za ta iya ba da wasu magunguna a ƙarƙashin nas. Wa ya taɓa haɗuwa da mai wannan satifiket a cikinku?

'Yar Damagaram:
Ni ko farce an hana ni yanke wa mai ciwon suga. Ina gani ya yi zaƙo-zaƙo yana yaga safa, sai dai in rubuta a jira likitan ƙafa.

Anti Nas:
Wannan kam da dalili. Ƙaramin yanka a ƙafar mai suga yana iya kaiwa ga yanke yatsa. Ba duk tsohuwar doka ce shirme ba.

Hajiya Mai Haƙuri:
Anti, ku masu farar riga kuna zuwa minti arba'in ku duba takarda ku tafi. Mu ne muke kwana da su. Kada a zo ana koya mana dalili.

Anti Nas:
Hajiya, da girmanki, ni ma da PCA na fara, kwas ɗin awa 40 na masu taimaka wa mara lafiya da wanka da girki a gida, kafin in yi karatun nas. Na wanke kashi kamar kowa.

Hajiya Mai Haƙuri:
To kin manta ke nan.

Ɗan Zongo:
Shi ya sa na ce CNA.

Uwar Biyu:
Kai da Baban Sadiƙ, a cikinku wa ya taɓa canza wa tsoho kunzugu? Ku bar masu abin su yi magana.

Baban Sadiƙ:
Ni na kula da mahaifiyata har ta rasu, Allah ya jiƙanta. Matata kuma wannan aikin take yi, ni ke cike mata takardu.

Uwar Biyu:
Allah ya jiƙan Inna. Ban sani ba, ka yi haƙuri.

Gimbiyar Newark:
Ni dai abin da zan ƙara, kada ki ɗauka satifiket ɗin New York zai bi ki ko'ina. Da na ƙaura New Jersey sai da na nemi nasu, can hukumar nas-nas ce ke bayarwa, awa 76 suke so. Kogi ɗaya ne tsakaninmu, tsohon iri ɗaya ne, wankan iri ɗaya ne.

Maman Ilham:
To in na shiga CDPAP, aikin da zan yi wa Gwaggo zai raya mini satifiket ɗin?

Anti Nas:
A'a. Babu nas a kanki a can, ba a lissafa shi a matsayin aikin HHA. Kuma in Gwaggo ba za ta iya tsara kulawarta da kanta ba, sai an naɗa mata wakili, wakilin kuma ba zai zama ke mai karɓar albashi ba.

'Yar Damagaram:
Ko wanne kika zaɓa dai ki tanadi waya mai kyau. Tun 2021 da aka tilasta buga shiga da fita ta manhaja, ni ban huta ba. Mara lafiyata tana ginin da sabis ba ya shiga ɗakinta. Sai na fita baranda na ɗaga waya sama kafin ta kama inda nake. Ranar da na raka ta asibiti lokacin tashina ya yi a can, na buga fita, manhajar ta ce ba na gidan. Awa shida suka riƙe, sai da na yi ta kiran ofis.

Uwar Biyu:
Ke taki ma tana buɗewa. Tawa in ta ga dama sai ta ce in sake saka lambar sirri, ga tsoho yana kira daga bayi. Kuma wa ke biyan kuɗin data? Ni.

Gimbiyar Newark:
Ku riƙa ɗaukar hoton allon wayar duk lokacin da kuka buga. Ni da shi nake kama su.

Mai Tasi:
Ashe ba mu kaɗai waya ke yi wa mulki ba.

Hajiya Mai Haƙuri:
Manhajar da ta san a wace baranda kike tsaye, ta kasa sanin kin tashi ƙarfe uku na dare?

'Yar Damagaram:
Gimbiya, hoton suna karɓa a wurinku? Namu sun ce sai mara lafiya ta saka hannu a takarda, ita kuma hannunta rawa yake yi, kullum sa hannun daban yake fitowa.

Maman Ilham:
Anti Nas, gwajin nan da kika ce, a Bronx akwai inda ake yi? Makarantar ta sake kirana, wai in na biya kafin Juma'a za su bar mini a 550.