Wai Wifredo Lam kwaikwayon Picasso ya yi?

Ɗan Fagge: Jama'a yau raina ya ɓaci wallahi. Sati uku ina rubutu kan Wifredo Lam, mai zanen nan na Kuba, malamin ko shafi biyu bai karanta ba ya ture takardar, wai ai kwaikwayon Picasso, mai zanen nan ɗan Sifaniya, kawai Lam ya yi. Mutumin da ya koma gida a 1941, ya zana La Jungla a 1943: karan rake a tsaitsaye, mutane masu fuskar dodo da zara-zaran ƙafafu, ɗaya riƙe da almakashi. Wane Bature ya koya masa wannan? Ɗan Afirka ne ya karɓo kayanmu.

Maman Ilham: Ɗan Afirka kuma? Ƙanena, ubansa fa mutumin Sin ne, daga Kanton. Shi kuma a garin Sagua la Grande na Kuba aka haife shi, 1902.

Ɗan Fagge: Uwarsa fa, Yaya? Tana da jinin Kwango.

Maman Ilham: Da na Sifaniya. Ka riƙa ƙarasa magana.

Baban Sadik: Ɗa na uba ne. In na auri Bayarabiya, ɗana ya zama Bayarabe kenan?

Bazazzagiya: To fa, an fara. Wata tara mace na fama, sai a ce na uba ne. Ran da yaro ya lalace kuma a ce halin uwarsa ya ɗauko.

Baban Sadik: Hajiya ba da ke nake ba.

Bazazzagiya: Ai da mu kake, dukanmu.

Ɗan Damagaram: Ku bar zancen jini. Lam ya taso a gaban Matonica Wilson, babba ce a Santeriya, addinin da Yarabawan da aka kai bauta suka shiga da shi Kuba, na allolinsu su Shango da Ogun. Akwai zanensa mai suna Omi Obini, omi kuwa ruwa ne da Yarabanci. A 2020 aka sayar da shi dala miliyan 9.6.

Baban Sadik: Miliyan nawa? A fenti? Mu muna nan muna dakon albashi.

Malam na Zaure: Wato tsafi kenan. Shi ake ta yi wa kirari tun ɗazu?

Ɗan Damagaram: Allah gafarta Malam, tarihi na kawo, ban ce a bi ba. Mu ma kakanninmu sun yi bori.

Malam na Zaure: Kakanninka dai.

Ɗan Fagge: Don Allah a dawo kan Picasso. Sai 1938 suka haɗu a Faris, shi kuwa Picasso tun 1907 yake leƙen sassaƙen Afirka a gidan tarihi na Trocadéro. Wa ya kwaikwayi wa?

Bazazzagiya: Baban Sadik bai ba ni amsa ba har yanzu.

Shugaban zaure: To a tsaya haka, dare ya yi. Abin da na fahimta: kowa ya yarda ɗa na uba ne, don haka Lam mutumin Sin ne, zanensa kuma akwai tsada. Maganar bori ba a nan ba. Ɗan Fagge ka ba malaminka haƙuri.

Maman Ilham: Wane kowa? Ni yaushe na ce haka?

Ɗan Fagge: Haƙurin me zan bayar?