Naɗe kundin JavaScript ɗaya don ya yi aiki a kowane tsari

Malam Sani, Yantala:
Assalamu alaikum. Na rubuta ƙaramin kundi da ke mayar da adadin kuɗin sefa zuwa kalmomi domin takardun rasit, kuma na yi amfani da import da export, kalmomin shigo da kundi da fitar da shi, waɗanda suka shigo da ES2015, bugun JavaScript na shekarar 2015. Da na tura wa abokin aikina na Tawa, tsohon Node.js ɗinsa (manhajar da ke gudanar da JavaScript a wajen shafin intanet) da ke amfani da require wajen ɗauko kundi ya ƙi shi da saƙon ERR_REQUIRE_ESM. Wani kuma yana so ya saka shi kai tsaye cikin shafin intanet. Shin akwai hanyar da na'urar haɗa kundi za ta fitar da duka, ba sai na riƙa gyara kwafi uku da hannu ba?

Hajiya Rabi, Bukoki:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da aka saba yi shi ne naɗin UMD, wato naɗi ɗaya da ke aiki a tsare-tsare daban-daban. Wannan naɗin yana fara duba ko akwai module.exports na CommonJS (tsarin Node.js mai amfani da require) ko define na AMD (tsarin loda kundi a shafin intanet, irin wanda manhajar RequireJS ke amfani da shi), idan babu ko ɗaya sai ya ajiye kundin a matsayin suna guda da dukan shafin zai gani. A Rollup, wata na'urar haɗa kundi, kana iya jera fitarwa uku, es da cjs da umd, daga tushe ɗaya, amma kada ka manta ba umd suna, in ba haka ba haɗin zai tsaya.

Malam Issufu, Wadata:
Na yarda da Hajiya, sai dai ni ba zan ba Node.js kwafin UMD ba. Ka bar shi ga mai shafi kawai, sannan a cikin package.json, fayil ɗin da ke ɗauke da bayanin kundin, ka yi amfani da sashen exports ka nuna wa import fayil ɗin .mjs, ka nuna wa require na .cjs. A kula sosai: idan manhaja ɗaya ta ɗauko kwafin biyu, duk abin da kundin ke riƙewa a ciki zai rabu gida biyu. Na kwana biyu ina neman wannan matsala a wani aiki kafin na gano ta.

Malam Sani:
Na gode ƙwarai. Kundina ba ya riƙe komai, lissafi kawai yake yi, don haka zan gwada Rollup yau da dare in sanar da ku sakamakon.